Awon jini da haske ba zai maye gurbin idon da ya san yaro ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi bayani a kan wani labari da ya fara zagayawa a wayoyin jama'a a nan Damagaram. Labarin yana cewa masana sun gano hanyar da za a ɗiga jinin yaro a kan wata na'ura, a haska shi, cikin ƴan mintoci a san ko yana da otizim, larurar da kafofin labarai na Hausa suka fi kira galahanga, ko kuwa yana da larurar rashin natsuwa da ƙiriniyar da ta wuce kima, wadda likitocinmu ke rubutawa TDAH a takardunsu. Ni ma'aikacin labo ne, awon jini shi ne sana'ata tun ina saurayi, kuma iyaye da dama sun tare ni da wannan tambaya, wasu a wurin aiki, wasu a ƙofar masallaci, suna son su san ko na'urar ta iso Yamai ko Kano domin su fara tara kuɗin mota. Na ga ya fi dacewa in ba da amsar a fili, inda mahukunta da malaman jami'a su ma za su gani.

Labarin yana da tushe, domin bincike ne na gaske da ake yi a jami'o'i, kuma ina cikin masu fatan ya yi nasara. Amma abin da saƙonnin waya ba sa faɗa shi ne, na'urar ba ta san komai game da yaro ba face abin da likita ya riga ya koya mata, kuma ba ta san jinin kowa ba face irin jinin da aka nuna mata. Waɗannan abubuwa biyu ne suka sa nake ganin cewa a wuri irin namu sayen na'ura ba shi ne aikin farko ba.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda awon yake, domin babu siddabaru a cikinsa. A shekarar 1800 wani masani a Ingila mai suna William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukansa, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen launin ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya ƙaru. Da haka aka san akwai wani ɓoyayyen haske, wanda ake kira infirared. Daga baya aka gane cewa kowane sinadari yana shanye wani yanki na wannan haske ya bar saura, gwargwadon yadda ƙwayoyin zarra suka haɗu a cikinsa. Furotin yana da wuraren da yake sha, kitse yana da nasa, sukari ma haka. Idan aka juya jini a injin da ke raba shi, aka ɗebi ruwan nan mai launin rawaya da ke tasowa sama, aka ɗiga ɗigo guda a kan wani ɗan ƙaramin lu'ulu'u, aka bar shi ya bushe, sannan aka haska shi, kwamfuta za ta zana wani layi mai tudu da kwari. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, tudu biyu mafiya tsayi suna fitowa a wajen 1650 da 1550, kuma na furotin ne, na kitse kuwa suna tsakanin 2800 da 3000. Akwai wata hanya ƴar'uwarta da ke amfani da hasken leza, wadda aka raɗa wa sunan C. V. Raman, masanin ƙasar Indiya da ya gano ka'idarta a 1928, ya kuma samu kyautar Nobel a 1930. Wannan fanni gaba ɗaya shi ake kira sifektiroskofi, kuma mu ma'aikatan labo ba baƙinsa ba ne, domin ƙaramar na'urar da ke auna yawan jini a ƙananan asibitocinmu na CSI, da wadda ake maƙala wa yaro a yatsa don a ga iskar da ke jininsa, da wadda muke duba aikin ƙoda da hanta da ita, duk da haske suke aiki.

Bambancin shi ne, a awon da muka saba abu ɗaya muke nema, mun san sunansa, mun san iyakar da ya kamata ya tsaya. A wannan sabon awo kuwa ba a neman abu guda, domin har yau ba a gano wani sinadari a jini da za a nuna a ce shi ne alamar otizim ko TDAH ba. Abin da ake samu zanen dubban sinadarai ne a cakuɗe, kamar mutum ya tsaya a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis yana jin hayaniyar duka lokaci guda, ba tare da ya iya ware muryar mai hatsi daga ta mai goro ba. Saboda haka sai a tara zanen jinin yaran da likitoci suka tabbatar suna da larurar, a tara na waɗanda ba su da ita, a ba kwamfuta ta yi ta lissafi har ta samo ƴan bambance-bambancen da ido ba ya gani, sannan a kawo mata jinin da ba ta taɓa gani ba, a ce ta faɗi ɓangaren da ya fi kama da shi.

An yi irin wannan aiki. Wasu masu bincike daga Istanbul ta ƙasar Turkiyya, tare da abokan aikinsu na jami'ar Coimbra a Fotugal, sun wallafa sakamako a kan otizim a 2020 da wani a kan TDAH a 2021, kuma a cikin yaran da suka gwada kwamfutar ta raba ɓangarorin biyu da kyau ƙwarai. Sai dai yaran ƴan gomomi ne kawai a kowane bincike, daga ƙasa ɗaya, kuma su kansu masu binciken sun bayyana hanyar a matsayin mai taimaka wa likita, ba mai yanke hukunci ba. Har yanzu babu gwajin jinin da aka amince da shi a matsayin mai tabbatar da otizim, a Faransa ne ko a Amurka ko a wani wuri. Tun lokacin da likita Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 a birnin Baltimore a 1943, hanyar ganewa ba ta wuce a zauna da yaro a kalli yadda yake wasa, yadda yake haɗa ido, yadda yake amsa sunansa, a kuma tambayi iyayensa tarihin tasowarsa dalla-dalla.

Ba na mamakin yadda labarin ya shiga ran mutane, domin ni ma ya shiga raina. Duk wanda ya yi aikin labo a ƙasar nan ya san cewa mafi yawan lokacin da aka ce wa marar lafiya ba a yin awo kaza yau, injin bai lalace ba, sinadarin da ake zuba masa ne ya ƙare, ko kwanansa ya wuce, ko zafi ya ɓata shi a hanya. Awon infirared ba ya buƙatar sinadari ko kaɗan, ɗigon jini ya ishe shi, kuma injinsa a yau ya ƙanƙance har ana iya ɗora shi a kan tebur. A cibiyar bincike ta Ifakara da ke Tanzaniya an nuna a 2019 cewa ana iya gane zazzaɓin cizon sauro da wannan haske daga busasshen ɗigon jini a kan takarda. Fasaha irin wannan ta dace da jihar da mutanenta ke warwatse daga Tanut zuwa Magarya, daga Gure zuwa Matamai, kuma babban birnin ƙasarta yana nesa da ita da kusan kilomita 900. Wanda ya ce mu juya mata baya bai san halin da muke ciki ba.

To amma mu koma ga yadda kwamfutar ke koyo. Kafin ta iya cewa wannan jini na mai otizim ne, sai an kawo mata jinin yara masu yawa da aka riga aka rubuta wa kowanne hukuncinsa, kuma wanda ya rubuta hukuncin mutum ne da ya zauna da yaron. Idan ya yi kuskure, kuskurensa kwamfutar za ta haddace, ta riƙa maimaita shi da lambobi masu kama da gaskiya. Idan kuwa babu shi gaba ɗaya, babu abin da za a koya mata. A jiharmu likitocin yara kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan yaran, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, duk ƙarfinsu yana tafiya ne wajen ceton rai. Ƙwararru a fannin tasowar ƙwaƙwalwar yara, da masu koya wa yaro magana, sun fi su ƙaranci nesa ba kusa ba. Wannan giɓi shi ne ainihin matsalarmu, kuma na'urar ba za ta cike shi ba, domin ita kanta a kansa ta dogara.

Akwai wani magidanci da ya taɓa zuwa mana daga wani ƙauye na wajen Mirya, da matarsa da ɗansu mai kimanin shekara huɗu, ɗauke da takardar awon zazzaɓi da yawan jini. Da aka tayar da injin juya jini sai yaron ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya shiga kaɗa jiki gaba da baya, da injin ya tsaya kuma sai ya zauna a ƙasa ya tattara murafen kwalaben awo da ke cikin wani kwali, ya jera su layi ɗaya, jajaye wuri guda, masu ruwan goro wuri guda. Uban ya kira sunansa sau da yawa bai waiwayo ba. Sai ya dube ni ya ce: "Malam, ku ɗebi jinin ko nawa ne, ku duba shi duka, ku faɗa mini abin da ya hana shi magana." Ya riga ya sayar da rago, ya sha karɓo rubutu, an yi wa yaron hayaƙi, wata tsohuwa a garinsu ta ce ɗan ruwa ne. Awon ya fito babu zazzaɓi, jininsa ya ɗan yi ƙasa kaɗan, shi ke nan abin da takardata ta iya faɗa. Amma a ƴan mintocin da suka zauna jiran sakamako, uwar ta gaya mini cewa yaron bai taɓa nuna mata abu da yatsa ba, ba ya kawo mata abin wasansa ta gani, ba ya shiga cikin yara, kuma ba ya cin komai sai tuwo gaya da fura, in miya ta taɓa tuwon ya bar shi ke nan. Ta ce babu wanda ya taɓa tambayarta a kan waɗannan abubuwa. Ni ba likita ba ne, ban yanke hukunci ba, na tura su wurin likitan yara. Abin da ya tsaya mini shi ne, bayanin da ake bukata yana bakin uwar tun shekara biyu da suka wuce, ba a dai samu mai karɓarsa ba.

Wannan yaro ya kuma nuna matsala ta biyu, wadda ta fi shafar sana'ata. Yaron da ya shekara biyu ba ya cin miya, ba ya cin nama ko ganye, dole jininsa ya bambanta da na ƙannensa, kuma kwamfuta za ta iya kama wannan bambanci ta ɗauka ita ce larurar, alhali abincin ta gani. Haka yaron da ke shan Gardenal saboda farfaɗiya, wadda takan zo tare da irin waɗannan larurori. Mafi yawan abin da hasken ke gani a ruwan jini furotin ne, wato albumin da ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma su ne suka fi canzawa a jinin yaranmu. Tamowa mai kumburi tana saukar da albumin. Zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da yaro ke sha a kai a kai suna ɗaga furotin na garkuwa. Ga amosanin jini, ga ƙarancin jini da ya zama ruwan dare, ga tsutsar ciki, a ƙasar da kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Lissafin da aka gina a kan jinin yaran Istanbul bai taɓa haɗuwa da jinin ɗan Dungas a watan Satumba ba, kuma babu wanda ke da hujjar cewa zai karanta shi daidai. Ko yadda aka ɗebi jinin yana da tasiri, domin idan jajayen ƙwayoyi suka fashe a cikin kwalba, ko samfurin ya daɗe cikin zafi kafin a juya shi, ko ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta, zanen zai canza. Idan aka ɗebi jinin masu larura a asibiti da safe, na masu lafiya kuma a makaranta da rana, kwamfuta za ta iya raba su sarai, amma asibiti da makaranta ta raba.

Sai kuma wani lissafi da nake so kowane uba ya yi da kansa. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da otizim. Mu ɗauka an kawo awon da ke gane yara 90 cikin 100 masu larurar, kuma yana wanke 90 cikin 100 na waɗanda ba su da ita, wanda kowa zai ce awo ne mai kyau. Idan aka yi wa yara 1000 na unguwar Birni, 10 ne masu larurar, zai kama 9 ya saki 1. A cikin 990 da suka rage kuwa zai ɗora wa 99 larurar da ba su da ita. Iyaye 108 ke nan za su koma gida da takarda mai tayar da hankali, 9 kawai a cikinsu take faɗa wa gaskiya. A ƙasashen da ke da likitoci da yawa za a sake duba waɗannan yara ɗaya bayan ɗaya a sallami 99 ɗin. A nan wa zai sake duba su?

Kuma mun san nauyin irin wannan takarda a gidajenmu. Uwa ake fara tuhuma, a ce daga danginta ne, ko ta yi wanka da almuru tana da ciki, ko ta keta wata doka. Akwai auren da ya mutu a kan haka, akwai yaron da aka daina kai wa makaranta, akwai wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki don kada ya ɓata wa yayyensa mata aure. Wasu kuma sukan ɗora laifin a kan allurar rigakafi, alhali binciken 1998 da ya haifar da wannan zargi a Ingila mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma manyan binciken da suka biyo baya ba su sami wata alaƙa ba. Abin da aka tabbatar shi ne gado yana da babban kaso, ta hanyar ƙwayoyin halitta masu yawa da ke zuwa daga ɓangaren uba da na uwa. Takardar da ta fito daga inji tana da kwarjinin da bakin likita ba shi da shi, saboda haka kuskurenta ya fi wuyar gogewa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tuni akwai masu yawo da wata ƴar na'ura haɗe da kwamfuta, su ba mutum wani ƙarfe ya riƙe a tafin hannu na minti ɗaya, sannan su buga masa shafuka masu launi da ke cewa hantarsa ta gaji, ƙodarsa ta yi rauni, ƙwaƙwalwarsa tana bukatar abinci, daga nan su buɗe jaka su sayar masa da ƙwayoyi na jika goma ko ashirin. Wannan na'ura ba ta auna komai. Ina tsoron ranar da irin waɗannan mutane za su ji kalmar sifektiroskofi su liƙa ta a allon shagonsu, domin iyayen yaran da nake magana a kansu sun gaji, kuma a shirye suke su biya duk wanda ya yi musu alkawarin amsa. Abin bai tsaya ga talakawa ba. A Amurka kamfanin Theranos ya tara maƙudan kuɗi daga manyan attajirai da alkawarin yin gwaje-gwaje barkatai da ɗigon jini daga yatsa, daga ƙarshe kotu ta samu shugabarsa Elizabeth Holmes da laifin zamba a 2022.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, akwai awon jinin da aka daɗe da tabbatar da amfaninsa wajen kare ƙwaƙwalwar yaro, kuma mafi yawan jariranmu ba sa samunsa. Ciwon shawara na jarirai shi ne misali mafi kusa. Jariri yakan yi kwana bakwai a cikin ɗaki mai duhu kafin suna, idonsa da fatarsa su yi rawaya ba wanda ya lura, har sinadarin bilirubin ya hau ƙwaƙwalwa ya bar shi da sanƙarewar gaɓoɓi ko kurumta har abada. Kafur ɗin da ake sa wa kayan jarirai yana iya tsananta abin ga waɗanda suka gaji raunin jajayen ƙwayoyin jini. Awon bilirubin da haske ake yin sa, maganinsa ma shuɗin haske ne, kuma duka biyun ba su fi ƙarfin asibitin gunduma ba. Haka awon ɗigon jini daga diddigen jariri, wanda Robert Guthrie ya ɓullo da shi a Amurka a farkon shekarun 1960, wanda a yau ƙasashe da yawa ke gano cututtuka gomomi da shi. Ɗaya daga cikinsu ita ce raunin halittar maƙoshi da ake kira tayirod, wanda ke samun kimanin jariri 1 cikin 2000 zuwa 4000. Idan aka gano shi a makonnin farko, ƙwayar magani mai araha kullum ta isa yaro ya taso da cikakken hankali, idan aka makara kuwa abin da ya lalace ba ya dawowa.

Gubar dalma ta cancanci a tsaya a kanta. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, wasu da yawa kuma suka rayu da rauni a ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne mummunan ƙarshen abin, amma dalma kaɗan ma tana rage fahimta, tana kawo rashin natsuwa da saurin fushi, alamun da za a iya ɗauka TDAH ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma ta ba da shawarar a nemo tushen gubar da zarar ta kai maikirogiram 5 a kowane desilita. A gidajenmu ana sa wa jariri kwalli tun ranar haihuwa, kuma kwallin dutse na gargajiya sau da yawa ma'adinin dalma ne. Ana fasa tsoffin batiran mota da na sola a cikin unguwa, yara na wasa a gefe. A manyan dakunan awo ana auna dalma ne da wani reshe na sifektiroskofi da aka sani tun shekarun 1950, kuma a nan babu hasashen kwamfuta, abu ɗaya ake nema, lamba ɗaya ake samu, kuma an san matakin da za a ɗauka. Da za a tambaye ni awon hasken da Damagaram ta fi bukata domin ƙwaƙwalwar ƴaƴanta, da wannan da na bilirubin zan fara ambata.

Kada kuma a manta da kunne. Muna cikin yankin sanƙarau, annobarsa ta sake taɓa jiharmu a ƙarshen 2022 zuwa 2023, kuma yana barin yara da kurumta, kamar yadda zazzaɓin da ya hau kai ke barin wasu da farfaɗiya ko raunin koyo. Duk yaron da ya makara da magana, jinsa ya kamata a fara aunawa kafin a ambaci wata larura.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Tun 2006 aka ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma uwaye suna zuwa awo da rigakafi da katin yaro a hannu. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, wadda aka tsara domin yara masu wata 16 zuwa 30, ba a biyan kuɗi kafin a yi amfani da ita a asibiti, kuma tambayoyinta irin waɗanda uwar nan ta Mirya ta amsa ne ba tare da an tambaye ta ba. A mayar da ita Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da kyau, a gwada ta a ƙauyukanmu, domin wasu tambayoyin sai an gyara su sun dace da irin wasan yaranmu da tarbiyyarmu, inda ake koya wa yaro sunkuyar da kai gaban manya. A koya wa majo da ungozoma da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram alamun da za su sa su tura yaro gaba. Shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an yi shi ne daidai domin wuraren da ba su da ƙwararru, kuma yana da sashe a kan yara.

Idan aka samu wannan, sai binciken hasken ya samu ƙasar da zai tsaya. Ina kira ga Jami'ar André Salifou da Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram da cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai su nemi shiga wannan fanni tun yanzu, a matsayin masu bincike, kada mu jira a gama a kawo mana lissafin da aka gina da jinin wasu. Binciken da zai amfane mu shi ne wanda zai ɗauki yara ɗaruruwa, ya kwatanta mai otizim da kurma, da mai tamowa, da wanda ya tashi daga sanƙarau, domin waɗannan ne likita ke wahalar rabewa, ba mai otizim da yaro lafiyayye ba. Ya ɗebi jini da rani da damina, ya rubuta abincin kowane yaro da magungunansa, ya tanadi firjin da wutarsa ba ta yankewa da ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga, sannan a gwada sakamakon a Maraɗi ko Kano a ga ko zai tsaya. Dole ya bi ta kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, a bayyana wa iyaye da harshensu abin da za a yi da jinin da inda za a ajiye shi, domin jita-jitar sayar da jini ta sha rusa ayyuka masu kyau, kuma kada a ba kowane uba sakamakon injin a matsayin hukunci muddin ana cikin gwaji.

Akwai kuma tambayar da iyaye ke yi bayan an faɗa musu sunan larurar: to yanzu sai me? Babu ƙwayar da ke warkar da otizim, kuma duk wanda ya ce yana da ita ya faɗi abin da ba haka ba. Abin da ke taimakawa shi ne a fara da wuri, a koya wa uwa da uba da kaka yadda za su ja hankalin yaro cikin wasa da cin abinci da wanka, yadda za su gane abin da ke firgita shi, yadda za su ba shi hanyar neman abin da yake so ko da hoto ko da alama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da iyaye a kan wannan, wanda ma'aikatan da ba ƙwararru ba za su iya koyarwa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma a ƙarƙashinta waɗannan yara suna da haƙƙin zama a aji. Malaman makarantun boko da na allo suna bukatar su san cewa yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ba lallai ne taurin kai ke damunsa ba, kuma bulala ba ta ƙara masa komai sai tsoro. Gano larura ba tare da an tanadi wannan ba ƙarin nauyi ne kawai a kan iyali.

Malam Edita, ina roƙon jaridarka abu biyu. Duk lokacin da wani asibiti mai zaman kansa ko wani ɗan kasuwa ya kawo tallar awon jini na gane otizim ko TDAH, wakilanka su tambaye shi yara nawa aka gwada awon a kansu, ƴan wace ƙasa ne, wane ne ya tabbatar da larurarsu kafin a ɗebi jinin, kuma wace hukuma ce ta ba shi izini, kada a buga tallar sai ya amsa a rubuce. Sannan ku aika wakili zuwa ma'aikatar kiwon lafiya da hukumar lafiya ta jiha ya tambayo asibitocin gunduma nawa ne a jihar Damagaram ke iya auna bilirubin na jariri a ranar da aka kawo shi, ina ne uba zai kai ɗansa a auna masa dalma, kuma wane shiri ake da shi game da awon diddigen jarirai, ku buga mana amsar da suka bayar.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka, Ya ba yaranmu lafiya.

Wassalam,
Wani ma'aikacin labo,
Unguwar Zango, Damagaram.